Da gaske "politics" na nufin tarin kaska?

Kawu: Jama'a, an turo min cewa kalmar politics, wato siyasa a Turanci, gida biyu ce: poly, wato yawa a harshen Girka, da ticks, wato kaska. Tarin masu shan jini ke nan. Ni dai na gamsu, waɗanda suka raɗa sunan sun san abin da suka gani.

Malama: Kawu, ku gafarce ni, wannan magana ba ta da tushe. Asalin politics kalmar Girkanci ce, polis, wato birni mai cin gashin kansa irin Atina ko Sparta a tsohuwar Girka. Politika kuwa al'amuran mutanen gari, kuma da wannan suna aka san littafin Aristotle, masanin falsafa na Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta nan kalmar ta gangaro cikin Turanci a ƙarni na 15.

Auta: Anti, poly ɗin fa? Ai Girkanci ne, shi ne a polytechnic.

Malama: Girkanci ne, Auta, amma kama da wane ba ta wane ba ce. Duba rubutun da kyau, poly da y yake, poli na politics kuwa da i. Tick ɗin ma tsohuwar kalmar Turanci ce, babu ruwanta da Girka. Polis kuwa tana nan a bakinmu ba mu lura ba. Tarabulus ta Libiya daga Tripolis take, birane uku. Nablus ta Falasɗinu daga Neapolis, sabon birni. Har police ɗin 'yan sanda jika ce a gidan.

Kawu: To, na ji. Amma ko sunan bai ce kaska ba, halin ya ce.

Yaya Babba: Nan ne nake tsoro, Kawu. Yaron da ya tashi yana jin siyasa sana'ar kaska ce, ranar zaɓe yana kwance a ɗaki, kati na ƙarƙashin katifa. A Atina dubban mutane ke hawa tudun Pnyx, su saurari mai magana, su ɗaga hannu a yanke hukunci.

Auta: Maza 'yan gari kaɗai fa, Yaya. Mata da bayi da baƙi ba su da bakin magana.

Yaya Babba: Gaskiyarka, kuma babban gibi ne.

Kawu: Shi ya sa ban janye gaba ɗaya ba. Asalin kalma na bar wa Malama. Batun shan jini kuwa, wanda gumin bawa ya ba shi sararin zaman majalisa, ku faɗa min sunansa.