Digiri na biyu a aikin walwalar jama'a a Amurka: shin albashin zai ɗauki bashin?

Maman Sadiya, Bronx:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun watan jiya. Shekara shida ke nan ina aiki a wata ƙungiyar agaji a nan New York, ina yi wa baƙi daga Afirka ta Yamma tafinta a asibiti, ina taya su cike takardu, kuma na fahimci cewa ba zan wuce matsayin mataimakiya ba muddin ba ni da digiri na biyu a fannin kula da walwalar jama'a, wato MSW. Jami'o'i biyu sun ba ni gurbi. Ɗaya mai zaman kanta ce da ta yi suna, amma ko bayan rangwamen da suka yi mini sai na ci bashin kusan dala 80,000. Ɗayar ta gwamnati ce, kuɗinta bai kai rabin haka ba. Ina da katin zama na dindindin, ina da yara biyu, ina kuma aika wa mahaifiyata kuɗi Kano duk wata. Shin albashin wannan aiki zai iya ɗaukar irin wannan bashi?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam Maman Sadiya. Mu fara da lissafi. Alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka na watan Mayun 2024 sun nuna cewa matsakaicin albashin ma'aikatan walwalar jama'a ya ɗan haura dala 61,000 a shekara, wato kimanin dala 5,000 a wata tun kafin a cire haraji da inshorar lafiya, kuma sabon shiga yakan fara ƙasa da haka. Kuɗin ruwan bashin gwamnatin tarayya ga masu digiri na biyu ya kasance wajen kashi 8 cikin ɗari a 2024 da 2025, yana kuma taruwa tun kina aji. A kan dala 80,000, ruwan kaɗai ya kai dala 6,400 a shekara, idan kuma za ki biya a shekara goma, kusan dala 970 ne duk wata. Ki ajiye wannan kusa da kuɗin hayar gidanki, ki ga abin da zai saura wa yara da Hajiya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, hukumar ba da lasisi ba ta duba sunan jami'a. Abin da take dubawa shi ne ko shirin karatun ya samu amincewar CSWE, majalisar da ke tantance karatun walwalar jama'a, sannan ko kin ci jarrabawar neman lasisi ta ASWB. Wadda ta fito daga jami'o'in gwamnati na New York, wato CUNY ko SUNY, da wadda ta fito daga jami'a mafi tsada, lasisin LMSW ɗaya za su riƙe, wato lasisin farko na mai digirin MSW.

Hajiya Ladi:

Ƙanwata, akwai wani kuɗi da ba a rubuta shi a takardar jami'a, kuma shi ne ya fi ba ni wahala. Dole ne ɗalibin MSW ya yi aƙalla awa 900 na aikin gwaji a asibiti ko makaranta ko wata hukuma, kuma galibi ba a biyan ko sisi. Ni kwana uku nake yi a mako a wani gidan kula da tsofaffi, daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, sannan in shiga jirgin ƙasa zuwa aji da ragowar tuwon jiya a jaka, in dawo gida bayan isha'i yarana sun yi barci. Sai da na rage aikina na albashi zuwa rabi, wannan giɓin ne ya jefa ni cin bashin da ban yi niyya ba. Ki tambayi jami'ar gwamnatin ko za su yarda ki yi aikin gwajin a wurin da kike aiki yanzu, domin wasu shirye-shiryen suna yarda, albashinki kuma ba zai tsaya ba.

Kuma kada ki ɗauka albashi mai tsoka zai zo da kammala karatu. A jihar New York sai kin yi shekara uku kina aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre kafin ki nemi lasisin LCSW, wanda shi ne ke ba ki damar duba masu fama da damuwa ba tare da wani yana kula da aikinki ba.

Abu Ammar:

Wasu za su ce miki kada ki damu, akwai shirin yafe bashi na PSLF da aka kafa a 2007. Gaskiya ne akwai shi, amma sai kin biya sau 120 a tsarin da aka amince da shi, kina cikakken aiki da gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, kuma bashin gwamnatin tarayya kaɗai yake shafa. Bashin da aka saba ba ɗaliban digiri na biyu dala 20,500 ne a shekara, wato 41,000 a shekara biyu, sannan dokar da aka zartar a 2025 ta rufe shirin Grad PLUS, wato ƙarin bashin gwamnati na cike ragowar kuɗin karatu, ga sababbin masu nema daga watan Yulin 2026. Ke nan ragowar sai daga banki, shi kuwa ba a yafe shi. Bayan haka akwai batun riba, wato kuɗin ruwa, wanda bai kamata Musulmi ya tsallake shi ba. Ki zauna da malamin da kika amince da iliminsa kafin ki sa hannu. Ki kuma binciki tallafin Title IV-E, wanda ke taimakawa da kuɗin karatu bisa sharaɗin yin aiki a hukumar kare yara bayan kammalawa.

Maman Sadiya, Bronx:

Allah Ya saka muku da alheri. Gaskiya sunan jami'ar ne ya ɗauki hankalina, ban taɓa zama na raba kuɗin wata-wata ba sai daren jiya. Na rubuta wa jami'ar gwamnatin ina tambaya game da karatun shekara uku da ake haɗawa da aiki da kuma yin aikin gwaji a ƙungiyarmu, ranar Litinin kuma zan ga shugabarmu. Hajiya Ladi, don Allah a shekarar da kika rage aiki, yaya kika yi da inshorar lafiyar yara?