Lambar tsakiya a jikin taya, wane suna za mu ba ta da Hausa?

Jama'a, wata kalma ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, ina so mu taru mu yi mata suna. A jikin yawancin tayoyin mota akwai rubutu irin wannan: 215/45 R17. Lambar farko faɗin taya ce a milimita. Ta ƙarshe girman wili ce a inci. R ɗin tana nuna yadda aka shimfiɗa zaren cikinta. To ta tsakiyar fa, 45 ɗin nan? Masu Turanci suna ce mata aspect ratio. Mu kuwa idan mun je saye, sai dai mu ce "fotifai" mu miƙa kuɗi.

Ƙanena ne ya jawo maganar. Yana da Toyota 86 'yar Kwatano, ƙaramar motar nan mai ƙofa biyu da Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka ƙera a Japan, ta fito a 2012. Ƙarfinta a tayoyin baya yake. Wilin da ta zo da shi inci 17 ne, faɗinsa inci 7, tayar kuma 215/45. Siririya ce ga mota irin wannan, kuma da gangan aka yi haka. Samfurin Michelin Primacy HP da aka sa mata shi ne aka riƙa sa wa wasu motocin Toyota Prius, an kuma zaɓe shi ne don bayan 86 ɗin ya riƙa ɗan zamewa a kwana, direba ya ji daɗin sarrafa ta ba sai ya cika maleji ba. Shi kuwa ƙanena so yake ta kama kwalta, ta kuma cika ido, ba tare da ya sayi sabon wili ba.

Muka tsaya wurin wani dattijo mai faci da muka daɗe muna zuwa. Ya durƙusa, ya sa babban yatsa ya goge ƙurar da ta rufe rubutun, ya karanta. Ƙanena ya ce, "Baba, 245 nake so, amma a bar ta a 45 ɗinta, kada tsayin ya canza." Dattijon ya ɗago ya dube shi, ya ce, "Yaro, ai 45 ɗin 245 ba 45 ɗin 215 ba ne. Za ta fi wannan tashi." Ƙanena ya juyo gare ni: "Yaya, ta yaya 45 zai fi 45?" Baba ya san gaskiyar a hannunsa, ni na san ta a lissafi, amma dukanmu muka rasa kalma ɗaya da za mu miƙa masa ya gane nan take.

Ga lissafin. 45 ɗin ba milimita ba ce, ba inci ba ce. Kashi 45 ne cikin ɗari na faɗin tayar. Wannan ɓangaren robar da ke tsakanin bakin wili da inda zane ya fara, tsayinsa ake nufi. A taya 215, kashi 45 ya kama milimita 97 ba kaɗan. A 225 ya zama 101. A 245 ya kai 110. Lamba ɗaya, tsayi uku. Kuma da yake robar tana sama tana ƙasa, sau biyu ake ƙirga bambancin: taya 215/45 R17 tsayinta duka milimita 625 ne, 245/45 R17 kuwa 652. Ƙarin milimita 27 ke nan, sama da kashi 4 cikin ɗari. Maleji zai nuna 100 alhali motar tana kan 104, kuma akwai yiwuwar taya ta riƙa gogar madigadi idan aka murɗe sitiyari ko aka faɗa rami.

Saboda haka duk sunan da za mu raɗa, dole ya faɗa wa mai ji cewa lambar nan a jingine take da faɗi. Idan bai yi haka ba, bai yi aiki ba.

Na fara da "tsayin taya", na yar da shi nan take. Shi ne ainihin kuskuren ƙanena, ga shi kuma mutum zai ɗauka tayar ake awo daga ƙasa zuwa sama.

Wani abokina direban doguwar hanya ya ce mini, "Malam, ai kauri muke cewa. Wannan mai kauri, waccan siririya." Gaskiya ne, haka ake faɗa a tasha, kuma na so in karɓa saboda kalmar tana bakin mutane. Sai dai kauri ya riga ya ɗauki kaya da yawa. Idan mai sayar da taya ya ce tana da kauri, wani zai ji faɗi, wani zai ji ƙarfin robar da yawan zarenta, wani kuma zai ji zanen da bai suɗe ba. Idan muka ƙara masa na huɗu, rikicin da muke gudu shi za mu ƙara.

Daga nan na gane matsalar biyu ce. Kafin mu sa wa lambar suna, shi kansa ɓangaren da ake awo ba shi da tsayayyen suna. Turanci na ce masa sidewall. Da an bi shi kai tsaye sai a ce "bangon gefe", wanda ba ya shiga kunne ko kaɗan, bango ai na gini ne, ba ya lanƙwasa. "Gefen taya" shi ne abin da yawancinmu ke faɗa, amma gefe bai da iyaka. Idan mai faci ya ce taya ta cinye gefe, zanen bakin-bakin yake nufi, wanda ke nuna ana bukatar saita ƙafar mota. Wurin daban ne.

Kalmomi biyu suka rage mini, dukansu daga jikin mutum: kumatu da kwiɓi.

Kumatu na fi so da farko, don Baba da kansa ya furta ta. Da yake bayanin abin da zai faru idan aka cusa 245 a wili mai faɗin inci 7, sai ya cika bakinsa da iska, ya nuna fuskarsa, ya ce, "Kumatu za ta yi." Ban taɓa jin bayanin da ya kai wannan ba. Wilin ya matse bakin tayar, robar ta bulluƙo waje ta kowane ɓangare, zanen ya ɗan yi doro a tsakiya. Idan ka juya sitiyari, sai robar ta fara kwantawa kafin motar ta amsa. Mutum ya kashe kuɗi don ƙarin kamu, ya samu mota mai jinkirin amsa sitiyari. Ba ra'ayin Baba ba ne kawai. Ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin taya, irin ETRTO a Turai da JATMA a Japan, kowace lamba sun yanke mata faɗin wilin da za ta hau. 215/45 R17 tana hawa inci 7 zuwa 8. 225/45 R17 tana hawa 7 zuwa 8 da rabi. 235/45 R17 sai daga 7 da rabi. 245/40 R17, wadda tsayinta ya kusa daidai da na asali, milimita 628, ba ta hawa ƙasa da inci 8. Wato a wilin da Toyota 86 ta zo da shi, cikin waɗannan 225 ce iyaka.

To amma saboda kyan kalmar ne na ce a bar ta inda Baba ya ajiye ta. Kumatu ya zama sunan wannan bulluƙowar, kamar yadda za a ce taya ta ɗame idan aka ja siririya a kan faffaɗan wili. Idan muka kira ɓangaren kansa kumatu, mun rasa hanyar cewa "ta yi kumatu".

Shi ya sa na tsaya a kan kwiɓi. Kwiɓin mutum shi ne wurin nan mai taushi tsakanin haƙarƙari da ƙugu, yana lanƙwasa, yana ɗaukar girgiza, kuma rauni a wurin ba abin wasa ba ne. Haka na taya yake: ƙusa a zane ana faci, yanka a kwiɓi kuwa tayar ta tashi daga aiki. 'Yan'uwanmu na Nijar ma ba za su ji shi baƙo ba, don a Faransanci flanc ake ce wa wurin, ma'anarsa ke nan.

Idan an yarda da kwiɓi, lambar tsakiya sai ta zama kason kwiɓi. Kaso kalma ce da kowa ya sani daga rabon gado da rabon riba, kuma duk wanda ya ji kaso zai tambaya, kason me? Amsar ita ce na faɗi. Tambayar da ƙanena bai yi ba ke nan. Abin da ake kira low profile, Faransanci kuma taille basse, sai mu ce taya mai gajeren kwiɓi.

Wani malamin makaranta da na gaya wa ya ce ya fi son "ma'aunin kwiɓi". Na ce masa, Allah ya gafarta Malam, ma'auni zai sake mai da mu ga milimita, mutum ya ɗauka 45 tsayi ne tsayayye. Ya yi shiru, ya ce a gwada kaso a baki a ji. Na gwada masa: "Idan ka ƙara faɗi, rage kason kwiɓi, in ba haka ba taya za ta tashi." Ya ce ta zauna.

Ƙanena dai 225/45 R17 ya sa. Ta fi ta asali tsayi da milimita 9, maleji na nuna 100 yana kan 101 da ɗoriya, ba ta gogar komai. Jiya na koma wurin Baba shan iska, na gaya masa sunan. Ya maimaita sau biyu, kason kwiɓi, ya danna kwiɓin tayata da yatsa ya ce wa yaronsa ya kawo geji. Masu faci da makanikai da direbobi, ku gwada ta da kwastomominku a wannan makon, ku zo ku gaya mana ko sun gane ba tare da an sake bayani ba.