Fita daji da kare neman furannin farkon damina

Da aka tattauna batun fita daji da kare neman furanni a Gombe, yawanci sun ce a fita da sassafe a watan Mayu ko Yuni, bayan ruwan farko, lokacin da albasar kwaɗi, wani tsiron daji mai kama da albasa, ke buɗe fararen furanninta. A kalla kawai, kada a bar kare ya tone ta, tana da guba.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar maciji. Wajen Kaltungo da Billiri kububuwa ta yi yawa, tana lafewa ƙarƙashin duwatsu, kare kuwa ko'ina sai ya cusa hanci. Don haka riƙe kare da igiya dole ne, haka ma kusa da garken shanu. A ganina wannan ba abin musu ba ne.

A tafi da ruwan sha. In an dawo, a duba kunnuwan karen da tsakanin yatsunsa, nan kaska ke maƙalewa.