Mil 75 zuwa makabarta: a yi sabuwar doka, ko abin da ake da shi ya isa?

Malam Habu: Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta ɗauki mil 75, wato kimanin kilomita 120, a matsayin nisan da ya dace tsakanin gidan tsohon soja da makabartar sojoji mafi kusa. Ni a ganina wannan ma'auni bai yi wa mutanen karkara adalci ba, kuma ya kamata majalisa ta yi dokar da za ta sa gwamnati ta ɗauki cikakken nauyin binne su a makabartun garuruwansu.

Hajiya Rabi: Malam, ban yarda cewa an yi watsi da su ba. An ware jihohi 8, irin su Montana, Wyoming da Dakota ta Arewa, domin gina ƙananan makabartu a yankunan da tsofaffin sojoji ba su kai 25,000 ba, kuma ta birnin Fargo da ke Dakota ta Arewa ta buɗe tun 2019.

Malam Habu: Hajiya, makabarta ɗaya a jiha mai faɗin Montana ai ba ta kusantar da kowa ba sai maƙwabtanta. A taswira ake auna mil 75 ɗin nan, ba a kan hanyar da ƙanƙara ke rufewa lokacin hunturu ba, kuma tsohuwar da ta daina tuƙi ba za ta yi tafiyar awa biyu don ziyartar kabarin mijinta ba. Ga Musulmi ma abin ya fi nauyi, tunda ba ma jinkirta jana'iza, alhali galibin makabartun nan daga Litinin zuwa Juma'a suke binnewa.

Alhaji Garba: Ku duka kun tsallake maganar kuɗi. Tun 1978 gwamnatin tarayya take ba jihohi tallafin gina makabartu, a 2006 kuma aka haɗa da ƙabilun 'yan asalin Amurka, amma albashin ma'aikata da gyaran yau da kullum a wuyan mai makabartar suke, shi ya sa wasu ke ja da baya. Dokar da ba ta taɓa wannan ba, ba za ta haƙa kabari ko ɗaya ba.

Hajiya Rabi: A nan na yarda da kai, Alhaji. Sai dai har yanzu Malam Habu bai gaya mana wanda zai kula da kabarin soja a makabartar ƙauye bayan shekara 50 ba, idan danginsa sun watse.