Makin CPD da sabunta lasisin aikin likita

Likitar_Karkara:
Assalamu alaikum abokan aiki. Likitan da ke asibitin ƙauye, nesa da asibitin koyarwa, ta ina zai haɗa makin CPD (makin ci gaba da ƙaro ilimin aiki) da MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, ke nema kafin ta sabunta lasisi? Kwasa-kwasan intanet suna shiga lissafi kuwa?

Babban_Rajistara:
Wa alaikumus salam Dakta. Maki 20 ake nema a shekara, kuma a biya kuɗin lasisi kafin 31 ga Disamba, in aka wuce akwai tara. A bisa al'ada, awa ɗaya ta halarta maki ɗaya ce.

Inda ake yawan samun matsala shi ne wajen mai shirya taron. Komai kyan lacca, in wanda ya shirya ba ya cikin waɗanda MDCN ta amince wa su ba da maki, takardar ba za ta yi amfani ba. Ki tambaya tun kafin ki biya kuɗin rajista. Rassan NMA (Ƙungiyar Likitocin Najeriya) na jihohi suna shirya laccoci, musamman a Makon Likitoci cikin Oktoba. Tarukan shekara na ƙungiyoyin ƙwararru irin su SOGON na likitocin mata da haihuwa da PAN na likitocin yara su ma suna kawo maki da dama cikin kwana biyu ko uku.

Dr_Tiyata:
Ƙari kan bayanin Malam. Kafin ki bar wurin taro, ki duba takardar shaida da kyau: sunanki kamar yadda yake a rajistar MDCN, ranar taro, adadin maki, sunan mai shiryawa da sa hannu. Matan da suka canza suna bayan aure su fi lura, domin suna biyu daban yana jawo tsaiko. Ki sa hannu a takardar halarta da lambar foliyonki (lambar fayil ɗinki a MDCN), ita ce hujja in takardar shaida ta ɓata.

Ranar da kika karɓi takardar shaidar ki ɗauke ta a waya, ki mai da ita PDF, ki tara su wuri guda da sunan shekarar. Wajen biya ta Remita, ki adana lambar RRR (lambar biya da Remita ke bayarwa) da rasit. Kada a bari sai makon ƙarshe na Disamba. Lokacin kowa ke rububin shafin hukumar, ga matsalar sabis a ƙauye.

Hajiya_Likitan_Yara:
Batun intanet, ƙanwata: laccar Zoom daga mai shiryawa da aka amince da shi tana da maki, amma sukan duba tsawon zamanki a ciki, wasu har da 'yan tambayoyi a ƙarshe. Ki shiga da cikakken sunanki, ba sunan waya ba, in ba haka ba ba za su gane ki a jerin mahalarta ba. Makin AMA PRA Category 1 da shafuka irin Medscape ke bayarwa kuwa na tsarin Amurka ne. Ki ƙaru da ilimin, amma ki cika 20 ɗinki daga masu izinin MDCN. Maki biyu a wata daga Janairu, zuwa Oktoba kin gama.