Mickle da muckle: ƙarami da babba ne, ko Ɗanjuma ne da Ɗanjummai?

Ɗalibi a Gilasgo: Salamu alaikum jama'a, daga nan Skotland. Tsohuwar da nake haya a gidanta tana da wata kwalba a kan firji. Duk sanda ta jefa canjin kwabbai a ciki sai ta ce "mony a mickle maks a muckle". Na tambaye ta, ta ce mickle kaɗan ne, muckle kuma mai yawa. Na ce ashe "da yayyafi kogi kan cika" ke nan.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ka dace da fassara, amma Baba ta ɗan goce. Kalma ɗaya ce, lafazi ne kawai ya bambanta, kuma duka biyun babba ko mai yawa suke nufi. Asalinsu micel a tsohon Turanci, ɗan uwan mikill na yaren Viking, mutanen arewacin Turai na da, kuma daga tushen nan much ta fito. A birnin York na Ingila akwai titin Micklegate, wato babban titi. Ka ga idan an bi kalma-kalma, cewa ake yi manya da yawa su ke yin babba. Wannan ai ba hikima ba ce.

Hajiya Mai Adashi: To Malam, ina kaɗan ɗin ya shige?

Malamin Turanci: Hajiya, da can "many a little makes a mickle" ake cewa, wato ƙanana da yawa su ke yin babba, haka marubucin Amurka Benjamin Franklin ya rubuta a 1758. 'Yan Skotland kuma suna da pickle, wato ƙwayar hatsi ko ɗan abu kaɗan, shi ya sa wasu ke cewa pickle ne a gurbin mickle. Kuskuren ma ya tsufa, don George Washington, shugaban Amurka na farko, ya rubuta shi da mickle da muckle a wata wasiƙa a 1793, yana cewa karin maganar Skotland ne.

Hajiya Mai Adashi: Ni dai ban yarda kuskure ba ne. Abin da baki ya shekara sama da 200 yana faɗa, har Jamaika ma da shi suke magana, ai ya zauna. Kunne ne ya raba su: mickle siririya, muckle ta cika baki.

Malamin Turanci: A kasuwa na sallama, Hajiya. A jarrabawa kuwa jan biro zan sa.

Ɗalibi a Gilasgo: Ni dai ba zan gyara wa Baba ba, kuɗin haya na wannan watan ban biya ba tukuna.