An ɓoye mini kaya a shafin kasuwa, wai sai na kawo wakili a Turai

Maman Hanif

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya fitar da ni daga duhu. Shekara huɗu ke nan ina ɗinka jakunkuna da walat na fata, ina sayarwa ta wani babban shafin kasuwa na intanet. Ni kaɗai ce, sai ƙanwata da ke taya ni naɗe kaya. A wata mai albarka nakan tura kamar guda 20, kusan rabinsu Jamus da Faransa suke tafiya, ragowar Amurka da Ingila.

Makon jiya na buɗe shagona na tarar kaya 14 cikin 31 sun daina fitowa ga masu saye na Turai. Saƙon da aka turo mini yana neman abu huɗu: hoton fasfo da bayanan asusun banki, lambar haraji, wata lamba wai ita LUCID, da sunan mutumin da zai ɗauki alhakin kayana mai adireshi a cikin Tarayyar Turai. Ni ba a can nake zaune ba, ban ma taɓa taka ƙasarsu ba, a ina zan samo mutum? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wai adireshina da lambar wayata za su fito fili kowa ya gani, alhali a gida nake aikina.

Gaskiya ne ko 'yan damfara ne? In gaskiya ne, da wanne zan fara? Ko dai in rufe Turai in huta?

Baban Sadiq

Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin komai kada ki taɓa wani mahaɗi da ke cikin saƙon imel. Ki shiga asusunki da hannunki ta hanyar da kika saba, ki duba sashen sanarwa. Idan buƙatar tana can, ta gaske ce, kuma a can za ki ɗora fasfon. Ɓarayi sun san ana wannan tantancewar, suna kwaikwayon saƙon sak. Tunda kin ce kayan sun ɓace da gaske, ina kyautata zaton naki na ainihi ne.

Malam Tanimu

Hajiya Maman Hanif, sannu da ƙoƙari. Na sha wannan ruwan bara, don haka bari in warware miki. Kuskuren da na yi da farko shi ne na ɗauka doka ɗaya ce. Dokoki huɗu ne daban-daban, shafin ne ya tattara su a saƙo guda, shi ya sa abin ya yi kama da dutse a ka. Biyu daga ciki aikin rabin sa'a ne.

Fasfo da asusun banki sun fito ne daga dokar ayyukan intanet ta Tarayyar Turai, wadda ake kira DSA, da ta hau kan dukkan shafuka ranar 17 ga Fabrairu 2024. Ta wajabta wa shafin kasuwa ya san wane ne ɗan kasuwar da ke sayarwa a kansa: suna, adireshi, waya, imel, shaidar kai da asusun karɓar kuɗi. Fasfonki da asusunki suna hannun shafin, ba a nuna su. Amma suna da adireshi da waya da imel, dokar ce ta ce mai saye ya gani. Mafita ita ce ki ware layin waya da imel na kasuwanci, kuma ki tambayi shafin ko suna karɓar adireshin ofis na haya a madadin na gida.

Lambar haraji kuma daga dokar Tarayyar mai suna DAC7 take, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2023. Ba sabon haraji ba ne, rahoto ne da shafin ke kai wa hukumomin haraji kan masu sayarwa mazauna Tarayyar. Wanda cinikinsa bai kai sau 30 ba a shekara kuma kuɗinsa bai wuce yuro 2,000 ba, ba a kai sunansa. Ke da ba a can kike ba, galibi masu shafin so suke su tabbatar da inda kike zaune. Amma kada ki share, domin bayan tunatarwa biyu da kwana 60 dokar ta ce su rufe asusun ko su riƙe kuɗin.

Wanda ya ɓoye miki kaya, kusan tabbas, shi ne na wakilin. Dokar lafiyar kaya ce, GPSR, mai lamba 2023/988, ta fara aiki 13 ga Disamba 2024. Ta ce babu kayan masarufi da zai shiga kasuwar Tarayyar sai akwai wani a cikinta da hukuma za ta iya kama wa hannu idan kayan ya cutar da mutum. Ba ta ware ƙaramin mai sana'a ba, mai ɗinka jaka ɗaya a mako da mai masana'anta duk layi ɗaya suke. Wakilin na iya zama mai shigo da kayan, ko kamfanin ajiya da aikawa, ko wanda kika naɗa da takardar wakilci a rubuce. Akwai kamfanoni da wannan ce sana'arsu, ana biyansu duk shekara. Sunansa da adireshinsa za su fito a tallar kowane kaya, kuma a jikin kayan ko kwalinsa ko takardar da ke tare da shi. Naki sunan ma haka, a matsayinki na wadda ta ƙera, tare da wata lamba da ke bambanta samfur da samfur.

Abin da mutane ke mantawa: wakilin kirki zai nemi fayil na kowane samfur, wato me aka yi shi da shi, wane haɗari zai iya jawowa, me kika yi don kauce masa. Ana ajiye fayil ɗin shekara 10. Wanda ya karɓi kuɗinki bai tambaye ki komai ba, adireshi kawai ya sayar miki.

LUCID rajistar kwali da leda ce ta Jamus. Rajistar kyauta ce, ke da kanki za ki yi, sannan ki biya ɗaya daga kamfanonin tattara shara gwargwadon nauyin kwalayen da kike turawa a shekara. Ko ambulan guda kika tura, dokar ta hau kanki, kuma tun 1 ga Yuli 2022 aka hana shafuka barin mara lamba ya sayar wa Jamusawa. Faransa ma tana da tata lambar daban.

Ummi Mai Saƙa

Ni kam Yaya, na rufe Turai, kuma ban yi nadama ba. Hulunan jarirai da 'yan tsana nake saƙawa, kayan wasan yara kuma sai da alamar CE, wato shaidar cika ƙa'idojin lafiyar kaya na Turai, wani babin ne daban mai gwaje-gwaje. Da na lissafa kuɗin wakili da na shara ƙasa-ƙasa, sai na ga ciniki 6 ko 7 da nake samu daga can a shekara ba za su biya ba. Abin da ke ba ni haushi, manyan da ke turo kwantena ba su ji komai ba, suna da lauyoyi. Mu masu allura da zare aka tankaɗe. In za ki rufe, ki tuna Ireland ta Arewa tana bin wannan dokar duk da tana cikin Birtaniya, ki cire ta ita ma a jerin inda kike turawa.

Malam Tanimu

Malama Ummi, lissafinki daidai ne a naki ɓangaren, ciniki 7 ba ya ɗaukar wakili. Amma Hajiya ta ce rabin kasuwarta can take, kamar guda 10 a wata. Kuɗin wakili na shekara ne, in aka raba shi kan jaka ɗari da wani abu, ba zai karya ta ba. Kuma gudun bai da nisa. Amurka tana da tata dokar, INFORM, tun 27 ga Yuni 2023: duk wanda ya yi ciniki 200 na sabon kaya da kuɗin da ya kai dala 5,000 cikin wata 12, sai ya ba da banki da haraji da shaidar kai cikin kwana 10, ana kuma sabunta bayanan duk shekara. Sai dai su sun fi sassauci wajen sirri, sai cinikin shekara ya kai dala 20,000 ake bayyana bayananka ga masu saye, mai aiki daga gida kuma yana iya neman a nuna ƙasa da jiha kawai. Ga shi tun 29 ga Agusta 2025 sun janye yafiyar kwastan da ake yi wa kayan da bai wuce dala 800 ba. Ingila ma shafuka suna tattara bayanai don hukumar haraji tun Janairu 2024.

Maman Hanif

Allah Ya saka da alheri, Malam. Na duba ta cikin asusuna kamar yadda Baban Sadiq ya ce, buƙatar tana nan. Na ɗora fasfo da lambar haraji, na yi rajistar LUCID da daddare, ashe ba ta da wuya. Ummi, na ji zafinki, ni ma da kayan yara nake yi da tuni na haƙura. Saura wakili. Amma Malam, wannan fayil ɗin haɗari ya ɗaure mini kai. Jaka ce fa, wane haɗari zan rubuta?

Malam Tanimu

Akwai, Hajiya, kuma shi wakilin zai fara tambaya. Fatar da ke taɓa jikin mutum ba a yarda sinadarin kuromiyam nau'in da ake kira chromium VI ya kai miligiram 3 a kowane kilo nata ba, tun 1 ga Mayu 2015, saboda yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ki tambayi wanda kike sayen fata a wurinsa da me aka jeme ta. In da ɓawon itace ne, hankalinki ya kwanta, ki karɓi shaida a rubuce. In da kuromiyam ne, ki nemi takardar gwaji. Zik da maɓalli da zoben madauri kuma, ki tambaya ko suna fitar da ƙarfen nikel, shi ma yana da iyaka a abin da ke daɗewa a jikin fata. Ki ajiye rasit ɗin kowane kashin fata, ki ba shi lamba, ki rubuta lambar a 'yar takardar da kike sakawa cikin jakar. Ki fara da samfura uku da suka fi tafiya Jamus, ki buɗe su, sauran su biyo baya.